Kurmin da Rousseau bai taɓa shiga ba

A gidan tarihi na Orsay da ke birnin Paris akwai wani zane mai faɗin kusan mita biyu, wanda Henri Rousseau ya yi a 1907. Sunansa "Mai Wasa da Macizai". Wata mace ce tsaye a bakin ruwa tana busa sarewa, farin wata na bayanta, don haka jikinta duk ya zama baƙar inuwa, ba abin da ke haske sai idanunta biyu. Maciji ya rataya a wuyanta, wani ya miƙo daga reshe, wasu sun ɗago kai daga ciyawa. Can gefen hagu wani tsuntsu mai launin ruwan hoda ya yi tsit.

Rousseau bai yi makarantar zane ba. Ma'aikacin karɓar harajin kayan da ke shiga Paris ne, sai a 1893 ya ajiye aiki ya rungumi buroshi gadan-gadan, yana da shekara 49. Bai kuma taɓa barin Faransa ba. Kurminsa ya tsinto shi ne daga lambun tsirrai na Jardin des Plantes da hotunan littattafai. Wannan zanen ma mahaifiyar mai zane Robert Delaunay ce ta sa shi yi, bayan ta ba shi labarin tafiyarta Indiya.

Masu suka sun daɗe suna yi masa dariya, wai zanen yara yake yi, bai iya nuna nisa da kusa ba. Gaskiya ne bai bi wannan ƙa'ida ba, amma ni a nan nake ganin ƙarfinsa. Ƙwararren da ya yi makaranta zai dunƙule ganyen nesa ya mai da shi hazo. Rousseau kuwa ganye ɗaya-ɗaya ya bi, kowanne da gefensa da irin korensa, kamar mai ɗinkin hula da ba ya tsallake zare. Shi ya sa kurmin ya cushe, ido ya rasa hanyar kutsawa, dole ya dawo kan matar. Ita kuma fuskarta ba ta bayyana ba, mai kallo ba zai tantance ko kira take yi ko gargaɗi ba, kuma wannan rashin tabbas ne ke riƙe mutum a gaban zanen.

Matasan masu zane sun riga kowa gane darajarsa. Picasso ya shirya masa liyafa a 1908. Shekara biyu bayan haka Rousseau ya rasu cikin talauci.