Me Ya Sa Asirin Gida Ke Tonuwa Ana Gab Da Ɗaurin Aure?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda masu cewa data ba ta isar su sauraro.

Yau zancen littattafan soyayya za mu yi, musamman irin wanda ake ginawa a ƙaramin gari. Kun san shi ai: saurayi da budurwa sun daidaita, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, sai wata tsohuwa ta ce a dakata, akwai magana. Abin da nake so mu duba shi ne me ya sa marubuta ke son wannan salon, kuma me ya sa yake kama mu.

Mu fara da garin kansa. A ƙaramin gari babu maɓoya. Mai shayi ya san ka, ungozoma ta san daren da aka haife ka, liman ya san wanda ya biya sadakin mahaifiyarka. Saboda haka asiri a irin wannan wuri ba wai babu wanda ya sani ba ne. Manya sun sani, sun haɗa baki sun yi shiru. Masoyan ne kaɗai ke cikin duhu, mu kuma masu karatu muna jiran ranar da ƙwai zai fashe.

Turawa ma suna da nasu. Marubuciyar Amurka Robyn Carr ta fara jerin Virgin River a 2007, Netflix ta mai da shi fim mai dogon zango a 2019. Can wata ma'aikaciyar jinya ce ta baro Los Angeles ta koma wani ɗan ƙauye a arewacin Kalifoniya, tana gudun baƙin cikin da ta bari a baya. Wato a nasu, yawanci mutum ne ke ɗauke da damuwarsa. A namu kuwa, dangi ne ke ɗauke da ita.

Dalili shi ne auren Bahaushe ba na mutum biyu ba ne. Kafin a ba ka mata sai an yi bincike: ɗan wane gida ne, mene ne asalinsa, wace sana'a suka gada. Wannan binciken shi ne makamin marubuci. Na ɗaya akwai shayarwa. Idan mace ta shayar da jariri bai kai shekara biyu ba, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta. Shayarwar da aka yi shekara ashirin baya tana iya rusa bikin da aka gama raba katinsa. Na biyu akwai riƙo. Yarinya ta tashi tana ce wa mutum Baba, sai ranar da ake neman waliyyi ko ake rabon gado ta gane ba shi ya haife ta ba. Kun ga ke nan asirin ba ado ba ne, yana taɓa aure, yana taɓa gado, yana taɓa sunan da mutum ke amsawa.

Kuma fa abin ba sabo ba ne. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fito tun shekarun 1930. Abubakar na son Zainab, mai kuɗi Malam Shehu ya aure ta, Abubakar ya ƙi haƙura ya tafi neman asirin ramuwa. Wa abin ya faɗa wa? Kyauta, ɗan da aka haifa, wanda bai ci ba bai sha ba. Ya lalace ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. A wurina wannan littafin shi ne hoton gidan da aka rasa mai yafewa.

To mu zo kan yafiyar, don nan ne nake da ƙorafi. Ku tuna Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, Rabi ta riƙe su da sayar da abinci. Sai da gobara ta cinye dukiyarsa sannan aka dawo ana matsa wa Rabi ta karɓe shi. Mai karatu na rufe littafin yana tambayar kansa: nadama ce ta dawo da shi ko talauci? Hajiya Balaraba ba ta sauƙaƙa mana amsar ba, shi ya sa har yau ake zancensa.

Yanzu kuwa labarai da yawa da ke yawo a Wattpad da WhatsApp, shafi ɗari uku ana cutar yarinya, shafi biyu na ƙarshe kowa ya fashe da kuka, an yafe, shi ke nan. Haba! Ko malamai sun gaya mana haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an mayar ko an nemi afuwar mai shi. Wanda ya ɓoye gado ya fito da shi. Wanda ya yi ƙazafi ya wanke ta a gaban mutanen da ya ɓata ta. Sannan yafewa daban, komawa gidan daban. Mace na iya yafe maka har zuciyarta, kuma ta ce ba za ta sake zama da kai ba.

Ina jaddada wannan ne saboda ƙannenmu mata ke karanta littattafan nan, wasu ko sakandare ba su gama ba. Idan kullum darasin shi ne "yi haƙuri, mijinki ne", da shi za su shiga ɗakunansu.

Ku faɗa min, wane littafi kuka karanta da yafiyar cikinsa ta gamsar da ku? Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.