Uwargida, Wa Ke Riƙe Da Sirrin Zaurenku?

Daga Funtua har Malumfashi, da wuya yau ki sami ƙungiyar adashe ko ajin Islamiyya da ba su da zauren hira a waya. Nan ake shelar biki da suna, nan ake cinikin masara da waken suya bayan kaka. Sai dai akwai ɗalibata da aka shigo da baƙo zaurensu, ya kwashi lambarta, ya dinga kiranta cikin dare, har magana ta kai gaban surukai.

Yawancinmu WhatsApp muka sani. Kamfanin Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya saye shi a 2014. Saƙonninki a kulle suke, amma kamfanin yana tattara lambarki da bayanan wayarki. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake amfani da bayanan 'yan ƙasa.

Akwai kuma Signal, wadda gidauniya ce ke tafiyar da ita, ba don riba ba, kuma babu talla. Tsarin gininta a buɗe yake, kowane masani zai iya bincika shi. Tun 2024 kina iya ɓoye lambarki, har ga 'yan zaure.

Ki shawarci maigida da shugabar ƙungiyarku, ku gwada ta. Amma fa babu manhajar da za ta hana 'yar uwa kwafar magana ta yaɗa. Wannan sai tsoron Allah. Allah Ya rufa mana asiri, amin.