Ƙyauren Kabad Salon Shaker: Tsarinsa da Katakonsa

Wannan salo na ƙyauren kabad ɗin kicin ya samo sunansa daga ɗariƙar Shaker, wadda Ann Lee ta kai Amurka daga Ingila a 1774. Mabiyanta sun ƙyamaci ado marar amfani, don haka tsarin bai wuce katako biyar ba: biyu a tsaye, biyu a gicciye, da falle guda a tsakiya.

Abin lura shi ne, ba a manne fallen da gam. Cikin kwarmi ake zura shi, domin katako kan kumbura da laima, ya tsuke da bushewa. In an manne shi, tsagewa zai yi.

Kafintocin Shaker sun dogara ga itatuwan yankinsu, irin su maful da ceri. A ƙasar Hausa kuwa, inda hunturu ke bin damina, maɗaci ya wadatar, muddin ya bushe sarai.