Yaba Kyauta Tukuici: Kalmar Godiya a Sabon Alkawari

In ka bi ta Rawayau, a ƙasar Kurfi wajen Dutsin-Ma, lokacin kaka, ka tarar da manomi yana ɗaurin damin gero, ka ce masa, "Ina aiki?" zai amsa maka, "Aiki da godiya." Ko rumbunsa zai cika, ko rabi zai samu, amsar ke nan. Kalmar ta zauna a bakinmu har ba mu cika tunanin ma'anarta ba. Bari mu dube ta a harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, wato Helenanci.

Kalmar ita ce *yukaristiya*. Kashi biyu ne aka haɗa. Na fari, *yu*, ma'anarsa abu mai kyau. Na biyu, *karis*, shi ne alheri, ko kyautar da aka ba mutum ba don ya yi aikinta ba. Ashe mai yin yukaristiya shi ne wanda ya gane an yi masa alheri, ya kuma buɗe baki ya faɗa. Hausawa sun riga sun ce yaba kyauta tukuici. Ɗan ƙodago in an biya shi kuɗin noma, hakkinsa ya karɓa. Amma wanda maƙwabci ya kawo wa dami a shekarar da gonarsa ta ƙi, wannan ya san karis.

Kalmar yukaristiya ta fito sau 15 a Sabon Alkawari, kalmar aikatawa kuwa, wato yin godiya, kusan sau 40, yawancinsu a wasiƙun Manzo Bulus. Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932, wanda Likita Mila na Wusasa ya yi babban aiki a kansa, da sabuwar fassarar 1980, duka da "godiya" suka fassara ta. Har yau Bahelene in zai ce na gode, sai ya ce *efkaristo*.

To, a wane irin lokaci aka yi wannan godiya? Mai karatu ya lura da wurare uku.

Na ɗaya, Yohanna sura 6. Maza wajen 5,000 suna zaune, abincin da ke akwai gurasar sha'ir biyar ne da kifi biyu na wani yaro. Yesu ya ɗauki gurasar ya yi godiya tun tana biyar ɗin nan, kafin kowa ya ƙoshi.

Na biyu, 1 Korintiyawa sura 11. Bulus ya tuna wa ikkilisiya cewa a daren da aka ba da Yesu ne ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura. Saboda wannan godiya Kirista na farko suka riƙa kiran Jibin Ubangiji da sunan Yukaristiya. Wani malami mai suna Jastin, wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa, ya rubuta wajen shekara ta 150 cewa sunan da suke kiran abincin ke nan.

Na uku, Ayyukan Manzanni sura 27. Ana kai Bulus Roma yana ɗaurarre, hadiri ya kama jirginsu a teku. Mutum 276 ne a ciki, sun yi kwana 14 ba su ci abincin kirki ba don tsoro. Bulus ya ɗauki gurasa ya yi wa Allah godiya a gaban kowa, ya fara ci. Sauran suka yi ƙarfin hali, su ma suka ci. Jirgin ya farfashe daga baya a tsibirin Malta, amma ba ran da ya salwanta.

Duka ukun nan, an yi godiyar ne tun wahala ba ta wuce ba. Wannan magana ta shafe mu. Dattawanmu suna tune da farin 1973 da na 1984, sa'ad da gero ya bushe a tsaye. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun hana manoma da yawa a ƙasashen Kurfi, Dutsin-Ma, Safana da Batsari zuwa gonakinsu na nesa. Ranar godiyar kaka, mai gidan da ya saba kai dami goma majami'a yakan ji kunyar kai kwano ɗaya na dawa, har ya ƙi zuwa sujada. Kada ya ji kunya. Ba girman dami ake aunawa ba, sanin Mai bayarwa ake nema. Godiya kuma ba ta hana kuka. A Filibiyawa 4:6 Bulus, yana kurkuku, ya haɗa roƙo da godiya a wuri ɗaya.

Iyaye, ga abin da za ku iya yi tun daren yau. Kafin a sa hannu a tuwo, kowa a gidan, har ƙaramin yaro, ya ambaci alheri ɗaya da ya samu a yinin, ya kuma faɗi ta hannun wa ya zo. In rumbunku ya cika bana, ku tuna da gwauruwar da ke maƙwabtaka da ku, da baƙon da ya gudo daga ƙauyensu. Wanda ya karɓi karis, shi ma ya zama dalilin godiyar wani.