Layukan dogo uku sun nufo Nijar, har yanzu kamyo ke ɗaukar kaya

Wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Dosso zai ga ƙarfen dogo shimfiɗe kusa da godoro. Tsawonsa kilomita 143 ne. Kamfanin Bolloré na Faransa ya fara aikin a 2014, shugaban ƙasa na lokacin Issoufou Mahamadou ya buɗe shi a watan Janairun 2016. Tun bayan bikin, babu jirgin fasinja ko na kaya da ke zirga-zirga a kansa.

Wannan guntu wani yanki ne na wani tsohon buri: a haɗa Abijan, Wagadugu, Yamai da Kwatano da layi ɗaya, ƙasar da ba ta da teku ta samu ƙofa biyu.

Daga yamma, Faransawa sun fara shimfiɗa layi daga Abijan a 1904, suka sa masa suna Abidjan-Niger domin kogin Isa suke so ya kai. Ya ratsa dazuzzukan kudu, ya isa Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954. Shekara hamsin ke nan ana aiki. A 1985 Thomas Sankara ya tara jama'a suka riƙa ɗora ƙarfe da hannunsu don miƙa shi zuwa Kaya, kuma a Kaya ya tsaya.

Na kudu ya fi kusa da aljihun ɗan kasuwar Nijar. Daga Kwatano zuwa Paraku kilomita 438 ne, an kammala a 1936. A 1959 Dahome da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa don tafiyar da shi, wadda daga baya aka sani da OCBN. Abin mamaki, a wancan lokaci Nijar tana da hannu a kamfanin jirgin ƙasa alhali ko mita ɗaya na layinsa babu a ƙasarta. A Paraku aka riƙa sauke kaya ana loda wa kamyo, su bi Malanbil da Gaya. Shirin Bolloré shi ne ya cike wannan giɓi, sai rigima ta taso da kamfanin Petrolin na ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou, wanda ya ce shi ne ke da haƙƙin aikin. Kotun Benin ta ba shi gaskiya, aikin ya tsaya. Rufe iyaka tun Yulin 2023 ya ƙara nesanta maganar, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da ayari ke jiran rakiyar soja.

Mutanen Maraɗi kuwa idonsu yana Kano. Alaƙar tsohuwa ce: jirgin Legas ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da dama gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta nan take fita teku. A Fabrairun 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Zai bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya tsallako iyaka. A Najeriya an yi ta suka cewa ana gina wa maƙwabta jirgi. Masu kare shirin suka ce tashar Legas ce za ta ƙwace kasuwar Kwatano.

Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa a wajen biki ba, wato faɗin layi. Na Abijan, na Kwatano da na Dosso duk mita ɗaya ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne, sabon na Maraɗi 1,435. Ko da wata rana an miƙa layin Dosso ya bi Dogonduci da Ƙonni har Maraɗi, taragon da ya taso daga Yamai ba zai iya hawa layin Kano ba. Sai an sauke kaya an sake lodi, kamar yadda aka riƙa yi a Paraku.