Fetur, haya da wuta: yadda ake gane ƙasar da ta fi tsada

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin man fetur a Najeriya, ba a rasa wanda zai fito ya ce ai har yanzu namu ya fi na ƙasashe da yawa arha. Haka kuma idan ɗan'uwa mazaunin Landan ya faɗi abin da yake biya na haya a wata, sai a ɗauko waya a juya kuɗin zuwa naira, a riƙe baki, a ce da wannan kuɗi ai sai a sayi fili a bayan gari. Duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu, amma lissafin ya tsaya a rabin hanya. Juya fam ko dala zuwa naira ba zai nuna maka ko abu ya yi wa mai saye nauyi ba. Sai ka san tsawon lokacin da yake yi yana aiki kafin ya sami kuɗin, da abin da gwamnati ta ɗora ko ta rage a cikin farashin, da kuma yawan abin da ya zame masa dole ya saya a inda yake zaune.

A ɗauki litar fetur a shekarar 2025. A Birtaniya ana sayar da ita wajen fam 1.35, wato kusan naira 2,700 a canjin lokacin, alhali a gidajen man Najeriya tana kai-komo a wajajen naira 900. Wanda ya tsaya a nan zai ce Bature na biyan ninki uku. To amma mafi ƙanƙantar ladan aiki a Birtaniya a watan Afrilun 2025 ya zama fam 12.21 a awa ɗaya ga mai shekara 21 zuwa sama, kenan aikin awa guda zai saya masa kusan lita tara. A Najeriya mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 ne a wata tun Yulin 2024. Idan ma'aikaci ya kwashe shi kaf ya kai gidan mai, lita 77 zai samu, man da takwaransa na Birtaniya zai saya da ladan aikin yini ɗaya da ɗan ɗoriya. Kuma wannan ga wanda ake biya albashin cikakke kenan, ban da ɗimbin masu sana'ar hannu da 'yan ga-ruwa da leburori da ba su da wani tsayayyen abin da ke shigo musu.

Sai kuma a kula da ma'auni. Amurkawa da galan suke sayen mai, kuma galan ɗinsu lita 3.8 ne, na Ingila kuwa ya haura lita huɗu da rabi. Idan ka ji an ce fetur ya kai dala 5 a Amurka, kamar yadda ya faru a watan Yunin 2022, galan ake nufi, ba lita ba.

Me ya sa farashin ya sha bamban haka, alhali ɗanyen mai kusan kuɗi ɗaya ake sayar da shi a kasuwar duniya? Kuɗin tacewa da na dako suna da nasu kason, amma babban abin da ke raba ƙasa da ƙasa shi ne hannun gwamnati. A 2025 Birtaniya na karɓar fene 52.95 a kan kowace lita, sannan ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kan jimlar, har da wancan harajin na farko. Fiye da rabin abin da direba ya biya baitulmali yake tafiya. Gwamnatin tarayyar Amurka kuwa santi 18.4 take karɓa a galan, kuma ba ta taɓa adadin ba tun 1993, duk da cewa jihohi na ƙara nasu. A ɗaya gefen akwai irin su Libiya da Iran da Benezuwela, inda gwamnati ke cike gibin kuɗin har man ya koma kamar kyauta. Nowe kuma, da take cikin manyan masu haƙo mai a Turai, ta zaɓi ta sayar wa mutanenta da tsada, ta tara kuɗin man a wani asusu da ta kafa a 1990, wanda yanzu ya haura dala tiriliyan ɗaya. A 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a ƙasar masu amfani da lantarki ne. Saboda haka samun rijiyar mai a ƙasa ba shi ke yanke farashi a famfo ba, shawarar masu mulki ce.

Mutanen kan iyakar Najeriya da Nijar sun ga wannan da idonsu. Shekara da shekaru man Najeriya mai tallafi yana tsallakawa ta Jibiya da Illela da Maigatari a cikin jarkoki, ana sayar da shi a kwalabe a bakin titin Maraɗi da Birnin Ƙonni. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye dubu. Ita kuwa Nijar, da ke da matatar SORAZ a kusa da Damagaram tun 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, sai ta rage nata farashin a Yulin 2024 daga sefa 540 zuwa 499. Da ribar fasa-ƙwaurin ta ragu, masu sayen na bumburutu suka koma gidajen mai, matatar ta kasa ɗaukar nauyin kowa, a watan Maris na 2025 aka wayi gari da dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa. Ashe wani ɓangare na arhar da ake gani a ƙasa ɗaya, baitulmalin maƙwabciya ne ke biya.

A ganina tallafin mai ba adalci ba ne, domin mai motoci biyar ya fi mai tafiya a ƙasa cin moriyarsa nesa ba kusa ba. Amma cire shi ba tare da an tanadi motocin haya masu sauƙi da wutar lantarki ba, shi ma talaka yake fara kayarwa, ta kuɗin mota da kuɗin buhun masara. Shi ya sa maganar mai ke fito da mutane kan titi a ko'ina: Najeriya a Janairun 2012 da aka ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, Faransa a 2018 lokacin masu riguna ruwan ɗorawa, Iran a Nuwamban 2019.

Farashin lita ma ba shi ne ƙarshen zance ba, sai an tambayi lita nawa mutum yake buƙata. Yawancin biranen Amurka an shimfiɗa su ne domin mai mota: gida a nan, kanti a can, wurin aiki tafiyar rabin awa ko fiye. Man na da sauƙi, amma ba a iya yini ba a ƙona shi ba. A Holan fetur na cikin mafiya tsada a Turai, sai dai kekuna sun fi mutanen ƙasar yawa, ga jiragen ƙasa, mutum na iya yin mako bai leƙa gidan mai ba.

A nan ne lamarinmu ya fi na kowa wuya, kuma nan ne masu kwatancen suka fi yin tuya su manta da albasa. A Turai fetur na mota ne kawai. A wajenmu shi ne wutar lantarki. Tela mai keken zamani, da mai aski, da mai cajin waya, da mai sayar da ruwan sanyi, da mai injin markaɗe, kowa da ɗan janaretonsa ko injinsa a ƙofar shago. Ka tsaya a layin teloli ana saura mako guda Sallah: kowane shago da igiyar wuta da ta fito ta taga zuwa janareto, ga yaro da galan a hannu yana jiran a aike shi gidan mai, mai shagon kuma yana lissafin ko ɗinkin da zai yi a daren zai fitar da kuɗin man. Wutar da babban layin ƙasa ke rabawa a Najeriya ta daɗe tana yawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutane fiye da miliyan 200. Idan aka raba, abin da ke kan kowane ɗan ƙasa a shekara bai wuce awon kilowat 200 ba, alhali matsakaicin gida a Amurka na shan sama da 10,000. Wutar janareto kuwa ta fi ta kamfani tsada ninki-ba-ninki, ko da an kwatanta da rukunin Band A na masu samun wuta mafi yawa, da aka ɗaga wa kuɗi zuwa naira 225 a Afrilun 2024. Nijar ma ta ɗanɗana nata: kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya take zuwa a lokacin, kuma da aka yanke ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai da birane suka yi watanni ana karɓa-karɓa.

Mutanen ƙasashen sanyi kuma ga inda nasu kuɗin ke zurarewa: ɗumama ɗaki. A Tarayyar Turai kusan kashi biyu cikin uku na makamashin da gidaje ke amfani da shi a nan yake tafiya. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, iskar gas ta yi tashin gwauron zabo, gwamnatoci suka shiga tallafa wa gidaje da kuɗin wuta, mutane suka koma rufe ɗakunan da ba a kwana a ciki. Japanawa dama can al'adarsu ce su ɗumama inda suke zaune kaɗai, har suna da wani gajeren tebur mai bargo da na'urar zafi a ƙarƙashi, iyali su zura ƙafafu a ciki. A Amurka kusan gida tara cikin goma na da na'urar sanyaya ɗaki, wanki ma inji ke busar da shi. Mu kuma rana na shanya mana kaya kyauta, amma girkin yawancin gidaje har yau da itace da gawayi ake yi, kuma kuɗin wannan ba ya fitowa a takardar biyan wuta. Yana fitowa a ƙirjin matan da ke shaƙar hayaƙin murhu, da dazukan da ke ƙarewa.

Haya ita ce ta fi rikitar da mai kwatance, saboda abin da ke cikin kuɗin ba ɗaya ba ne. A Jamus, inda fiye da rabin jama'a 'yan haya ne, ana rubuta farashi biyu: na gidan zalla, da kuma wanda aka haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa da kwashe shara. Sau da yawa kuma za ka tarar da kicin ɗin fayau, kai za ka sayo kabad da murhu ka kafa. A Birtaniya ɗan haya na biyan harajin ƙaramar hukuma a kan gidan da yake ciki, ban da kuɗin mai gida. Amma duk wata-wata ake biya, daga albashin da shi ma wata-wata yake zuwa. A Kano ko Kaduna ko Abuja kuwa sai ka dunƙule kuɗin shekara, ka ƙara la'adar dillali, wani wurin har da kuɗin lauya da na ajiya saboda ɓarna. A Akara masu gidaje kan nemi na shekara biyu, duk da cewa dokar haya ta Gana ta 1963 ta tsaya a wata shida. Bayan ka tare, ruwa naka ne ka saya a kura ko ku haɗa kuɗi a haƙa burtsatse, mai gadi ku ne za ku biya, wuta kuma an riga an faɗa. Idan an tara waɗannan, gidan da ake cewa mai arha sai ya tashi da nauyi.

Mallakar gida ma haka. Ba'amurke na iya karɓar bashin gida na shekara 30 da kuɗin ruwa tsayayye. A Najeriya ruwan bashin banki ya haura kashi 20 cikin ɗari, ga kuma waɗanda ke guje masa saboda riba, shi ya sa mutum ke sayen fili, ya buga bulo bana, ya kai linta baɗi, rufi sai abin da hali ya yi. Wasu wuraren gwamnati ce ta shiga da ƙarfinta: a Singafo kusan kashi 80 cikin ɗari na mazauna ƙasar na cikin gidajen da hukumar gidaje da aka kafa a 1960 ta gina, a Biyana ta Ostiriya kuma wajen rabin mutanen birnin na zaune a gidajen hukuma ko masu tallafi.

Kuma gida da mai ba sa rabuwa. Ma'aikacin Abuja da ya gudu Mararaba ko Suleja saboda sauƙin haya, abin da ya rage a hannun mai gida yana mayar da shi a hannun direba safe da yamma, ga awannin da cunkoso ke cinyewa. Yadda aka gina gidan ma lissafi ne. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan riƙe sanyi da rana, ya yi ɗumi a lokacin hunturu, ba tare da an kunna komai ba. Ginin bulo mai rufin kwano da ba a yi wa silin ba kuwa, a watan Afrilu ba ya kwantuwa sai da fanka, fanka kuma sai da wuta. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta a nuna wa mai neman haya takardar da ke bayyana yadda gidan ke shan makamashi, a Birtaniya daga matakin A zuwa G. Mu ba mu da irin wannan takarda, saboda haka mai neman gida shi zai yi wa kansa binciken: ya shiga ɗakin da tsakar rana ya ji zafinsa, ya duba ko tagogi na fuskantar juna, ya tambayi maƙwabta awa nawa ake samun wuta a layin da nawa suke sayen kurar ruwa, ya kuma lissafa kuɗin mota zuwa wurin aiki na wata guda ya ɗora a kan hayar kafin ya miƙa wa dillali ko sisi.