Kafin a gina manhaja, a dubi wayar da ke aljihun mai amfani

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, domin waɗanda ba su kama tashar ba, da waɗanda ke son a sake karanta musu a natse.

Yanzu ba abin mamaki ba ne saurayi ya same ka a kasuwar Maigatari ko ta Konni ya ce ka sa wata manhaja a wayarka: wannan ta aika kuɗi ce, waccan ta sanin farashin dabbobi, wata kuma ta neman motar ɗaukar kaya. Wani lokaci ma ɗanka ne ko ɗan ƙaninka da ya gama karatu, suka haɗa kai su uku ko huɗu suka buɗe ƙaramin kamfani, yana neman a sayar da bijimi a sa masa jari. To, ta yaya mutum zai gane mai ɗorewa daga wadda za ta mutu kafin kaka? Babban ɓangaren amsar yana cikin kayan aikin da suka zaɓa tun ranar farko.

Abubuwa uku da ake zaɓa

Manhaja dai umarni ne da ake rubuta wa waya ko kwamfuta, a ce mata in an danna nan ki yi kaza. Mai gina ta sai ya yanke shawara a kan abu uku. Na ɗaya, da wane yaren kwamfuta zai rubuta umarnin, don yarukan suna da yawa, kowane da inda ya fi ƙarfi. Na biyu, ina za a ajiye manyan kwamfutocin da ke riƙe sunayenku da lissafin kuɗinku. Na uku, ta wace hanya aikin zai iso wayarku: ta intanet, ta gajeren saƙo, ta kira, ko ta lambobin nan da ake dannawa masu farawa da tauraro, waɗanda ake kira USSD.

Makiyayi ya san irin wannan zaɓi. Mai doguwar tafiyar mashekari da cin rani jajayen shanun Bororo yake riƙewa, masu jure tafiya da ƙishirwa. Mazaunin wuri ɗaya mai neman nama da nono yana iya zaɓar Gudali ko Azawak. Saniyar Turai ta fi su duka nono, amma a kai ta daji a watan bazara a gani. Sabon kamfani ma haka yake: kuɗinsa kaɗan, hannayensa kaɗan, in ya ɗauki abin da bai dace da ƙasarsa ba, babu rarar da zai sake sabon zubi.

WhatsApp: mutum 55 da tsohon yare

Mu ɗauki wadda kowa ya sani. Mutum biyu ne suka kafa WhatsApp a Amurka a 2009, Jan Koum da Brian Acton, dukansu tsofaffin ma'aikatan Yahoo. Da suka zo gina cikin gidan, wato kwamfutocin da ke karɓar saƙo su miƙa, ba su bi yayi ba. Suka ɗauki wani yare mai suna Erlang, wanda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira tun 1986 domin injinan haɗa kiran tarho. An yi shi ne don ya riƙe dubban kira a lokaci guda, in ɗaya ya katse kada ya ja sauran, kuma a iya yi masa gyara yana cikin aiki ba sai an kashe ba. Aikin WhatsApp ke nan sak. Da tsohuwar zuma ake magani. A farkon 2012 kamfanin ya sanar cewa kwamfutarsa guda ɗaya tana riƙe da wayoyi fiye da miliyan 2 a lokaci guda.

Zaɓin yana da tsadarsa, domin masu iya Erlang ba su da yawa, samun ma'aikaci sai an tona. Amma su ba taron ma'aikata suke nema ba. Lokacin da Facebook ya saye su a 2014 a kan dala biliyan 19, masu amfani da manhajar sun kai miliyan 450, ma'aikatan kuwa 55 ne kacal.

Abin da ya fi shafar ku shi ne zaɓin da suka yi ta ɓangaren waya. Ba su ce sai mai iPhone ba. Sun sha wahalar rubuta manhajar ta yadda za ta hau BlackBerry da Nokia masu madannai, irin waɗanda talakawan Indiya da Afirka ke riƙe da su a lokacin. Ba su nemi adireshin imel ko kalmar sirri ba, lambar wayarka ita ce sunanka. A 2013 suka ƙara saƙon murya. Shi ya sa yau dillali a kara zai danna ya faɗi farashin rago da bakinsa, ya ɗauki hoto ya tura wa mai saye a Legas ko Kwatano, ko da bai taɓa shiga aji ba. In sabis ya ɗauke, ko rezo kamar yadda ake cewa a Nijar, saƙon ya jira, da an hau tudu ya wuce.

M-Pesa: sun bar mutane sun nuna musu hanya

Misali na biyu daga Kenya ne. A 2005 wata ƴar ƙaramar tawaga ta kamfanonin Vodafone da Safaricom ta fara gwajin wata hanya da masu ƙananan rance za su riƙa biyan bashinsu ta waya. Ana cikin gwaji sai aka lura mutane sun mai da abin hanyar tura wa juna kuɗi. Tawagar ba ta yi gardama ba, ta juya akalar aikin. A 2007 aka buɗe M-Pesa a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Pesa kuɗi ke nan da Swahili.

Lura da kayan da suka zaɓa. Ba su nemi intanet ba. Sun sa jerin umarnin a cikin katin layin kansa, saƙo kuma ya bi ta hanyar gajeren saƙo, don haka ƙaramar waya mai tocila ma ta isa. Sauran aikin ba na kwamfuta ba ne, na mutane ne: masu shaguna a unguwa da ƙauye da ke karɓar tsabar kuɗi su ba da. Da sun gina abin da sai babbar waya, da ma'aikacin Nairobi ya tura, uwarsa a ƙauye ta rasa abin karɓa.

Kusa da mu akwai GARBAL, wanda ƙungiyar SNV ta ƙasar Holan da kamfanin Orange suka fara a Mali a 2017, daga baya ya kai Burkina Faso da Nijar. Hotunan tauraron ɗan'adam ake dubawa a gane inda ciyawa da ruwan tafki suke, a haɗa da farashin dabbobi da hatsi a kasuwanni. Fasaha ce babba, amma ƙofar da aka buɗe wa makiyayi ƙarama ce: ya kira a amsa masa da yarensa, ko ya danna lambobi.

Kada a ɗauka wannan hanya ba ta da nata ciwon kai. USSD rubutu ne zalla, sai wanda ya iya karanta lamba, kuma yana yankewa in an daɗe. Sannan kamfani sai ya ƙulla yarjejeniya da kowane layi a kowace ƙasa, domin lambar da ke aiki a Jibiya ba lalle ta yi aiki a Ɗan Isa ba. Ga mai kasuwancin iyaka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ina kwamfutar take, da wane kuɗi ake biya?

Yawancin sababbin kamfanoni ba sa sayen manyan kwamfutoci. Haya suke yi daga Amazon ko Google ko Microsoft, su biya gwargwadon abin da suka ci. Dabara ce mai kyau ga mai ƙaramin jari, kamar ɗan kasuwar da ke hayar mota ranar kasuwa maimakon ya saya ya ajiye. Sai dai galibi da dala ake lissafin hayar. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ke karɓar naira yana biyan dala ya wayi gari hayarsa ta ninka uku, cinikinsa yana nan inda yake. Na ɓangaren sefa sun ɗan fi samun sauƙi tunda an ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. Ku da ke canji kullum a bakin iyaka kun fi kowa sanin wannan zafi.

Nisa ma abin dubawa ne. Shekaru da dama kwamfutocin M-Pesa a Jamus suke, sai a 2015 aka dawo da su Kenya. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa, har da hidimomin wasu bankuna. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba laifi ba ne a yi haya, laifin shi ne a rasa shirin ranar da hanya ta yanke.

Tambayoyin da za ku yi

In an zo muku da manhaja, ko ɗanku ya zo neman jari, ba sai kun san Erlang ba. Ku ce:

Tana aiki a ƙaramar waya, ko sai mai shafawa?

In babu rezo a mashaya, tana ajiye abin da na shigar har a samu, ko ɓacewa yake?

Data nawa take ci, caji nawa take sha? Wanda ke biyan kuɗin caji a shagon mai janareta ya san amfanin wannan tambaya.

Tana magana da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek, ko sai wanda ya iya karatu?

In na tsallaka iyaka na sa wani layi, tana gane ni? Tana rarrabe naira da sefa?

In wayata ta faɗa rijiya, kuɗina da lissafina suna ina, wurin wa zan je, kuma hukumar wace ƙasa ce ta ba su izinin riƙe kuɗin jama'a?

In yaron da ya rubuta ta ya samu aiki ya tafi, akwai wanda zai iya buɗe ta ya gyara? Mai hankali babur ɗin da bakaniken kowane ƙauye ya san cikinsa yake saye.

Saurayin da ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ya zauna da masu amfani kafin ya zauna da kwamfuta. Wanda ya ce ai tasu da sabuwar fasahar da ake yayi a Amurka aka gina ta, ku ce masa madalla, ya kawo a gwada a wayarku, a rugarku, ranar da hadari ya haɗu. Ku fara da kuɗi kaɗan, wanda in ya maƙale ba zai hana ku barci ba.

Mai tambaya ko wanda ya gwada wata manhaja yana son ya ba ƴan'uwa labari, ya aiko da saƙon murya ta layin tashar, za mu sa a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye dukiya, ya kai mu damina lafiya.